Kambonmu Ba Ya Cikin Taswira

A Jazira ta Sudan ruwa ma yana da ranarsa. Tun ina ƙarami na san cewa idan gafir, mai tsaron ƙofar ruwa, ya sakar wa gona ruwa yau, sai bayan mako biyu zai sake waiwayarta, kuma babu mai matsa ranar ko da shehun gari ne. Daga madatsar Sinnar ruwan yake tasowa, wadda Turawan Ingila suka gama ginawa a kan Shuɗin Nilu a 1925. Babu inji, babu famfo. Gangaren ƙasa ne kaɗai ke jan sa arewa cikin babbar tur'a, wato hanyar ruwa, ya rarrabu cikin ƙanana, ya faɗa wadda ake kira abu ishirin, daga nan mafi ƙanƙanta, abu sitta, har ya tsaya a gindin auduga. Kowace nimra, wato jerin gonaki, faɗinta fadan 90 ne cif. Kowace hawasha, wato gonar da hukuma ta danƙa wa manomi, tana da lamba da sunan mai ita a littafi. A lokacin mufattish, jami'in duba gonaki, yana kewayawa da motarsa, ya san wanda ya yi shuka a kan kari, ya san wanda ciyawa ta ci wa gona. In an tsinke auduga, ƙaramin jirgin ƙasa na aikin noman Jazira ya kwashe ta zuwa injinan gurza na Marinjan da Hasahisa, lissafi kuma ya tafi Barakat, kusa da Madani, inda hedikwata take. Da aka ƙara yankin Manaƙil daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, faɗin aikin ya kai wajen fadan miliyan biyu, duka a hannun hukuma ɗaya. Ban taɓa ganin abin da gwamnati ta tsara da kyau irin wannan ba, kuma har gobe ba na jin nauyin faɗin haka.

Mu kuwa a kambo muke (jam'insa kanabi), zangon 'yan ƙodago. Namu yana kan wani siririn fili tsakanin gaɓar tur'a da magudanar da ke kwashe ragowar ruwan gona, a tsakiyar Jazira. Bukkokin kara da ciyawa ne, sai ɗakunan laka jefi-jefi. Kowa ya san ba a gini da jan bulo a kambo, domin wanda ya yi ya nuna niyyar zama, mu kuma a lissafin hukuma masu wucewa ne. Hausawa muka fi yawa, amma akwai Barebari, akwai Tama da Bargo, daga baya fari ya koro Fur da Masalit daga Darfur suka kafa bukkokinsu a gefenmu. A waje duk wanda ya fito daga yamma mai nisa Fallata ake ce masa, ko Takari.

Kaka daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa da niyyar Makka, Baba yana ɗan yaro a kan jaki. Suka bi ta Barno, da Fort Lami, da Abeshe, da Jinaina, da Fashir, har Ubayyid. Guzuri ya ƙare, sai aka nuna musu hanyar Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa kudu da Sinnar a 1906, bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Bahaushe ko Bafulatanin da ya shigo ƙasar a wancan zamani yakan fara sauka can, daga can a ce masa ga inda ake neman hannu. Hannu kuwa ana nemansa ruwa a jallo. Auduga mai dogon zare da masaƙun Lankasha ke jira ba ta tsinke kanta, iyalin mai hawasha kuma ba sa iya gama tsinka su kaɗai tsakanin Janairu da Afrilu. A farkon shekarun 1930, da farashi ya faɗi cuta kuma ta kama auduga, manoma da yawa sun watsar da hawashoshinsu, wasu mutanenmu suka karɓa, kuma akwai jikokinsu da ke riƙe da su har yau. Kaka bai tarar da wannan rabon ba. Sai ga dokar 1948, da ta 1957 bayan samun 'yancin kai, suka ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun kafin 1898. Wanda ba shi da jinsiyya, wato takardar ɗan ƙasa, kuwa ba a ba shi hawasha. An sassauta dokar daga baya, ni ma na karɓi takardata, amma lokacin an riga an gama rabon ƙasa. Kaka ya sauke farali a ƙarshen rayuwarsa, ya dawo kambo ya rasu. Sai da dattawanmu suka je suka roƙi ƙauyen maƙwabta kafin a ba mu wuri a gefen maƙabartarsu, domin ko filin binne mamaci ba a yanka wa kambo ba.

Da gwamnati ta karɓi aikin daga hannun kamfanin Turawa a 1950, an yi wani abin kirki: an ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin auduga don raya ƙauyuka. Da shi aka haƙa rijiyoyi masu zurfi, aka ɗora tankunan ruwa, aka tallafa wa ginin makarantu da ƙananan asibitoci, har da azuzuwan yaƙi da jahilci. Ƙauyen da ke kusa da mu, tafiyar rabin sa'a, ya samu rabonsa. Daga baya turakun lantarki suka zo, waya ta bi ta saman bukkokinmu ta wuce can. Audugar da aka cire kason nan daga cikinta, yatsun Inna da na gwaggonnina ne suka tsinke ta, kwando-kwando, tun asuba cikin sanyin Janairu. Amma kason na ƙauyukan da ke cikin rajista ne, kambo kuwa ba ƙauye ba ne.

Mai hawashar da Baba ke yi wa aiki, wani dattijo da muke kira Ammu Hajji, mutumin kirki ne. Shi ya kama hannuna ya kai ni makarantar ƙauyensu, ya ce wa shugaban makaranta, “Ɗan Faki ne, ɗana ne, ka rubuta shi.” Faki suke kiran Baba, saboda yana karantar da yara da dare a bakin wuta. Aka rubuta ni. Sa'o'ina da ba su samu mai kama musu hannu ba suka tsaya a kan allo da kwandon auduga, cikinsu har da waɗanda suka fi ni kaifin kai nesa ba kusa ba. Ina yi wa Ammu Hajji addu'a har yau. Sai dai abin da ɗan ƙauye ke samu don haƙƙinsa ne, ɗan kambo sai da alfarma, ita kuwa alfarma ba ta isar kowa.

Ruwan shanmu na tur'a ne. Inna takan ɗebo ta zuba a randa ta bar shi ya kwanta. A tur'ar muke wanka, a nan ake wanki, a nan awaki ke sha. Yaro ya fara fitsarin jini, ba wanda zai ce ciwo ne, cewa ake ya fara zama namiji. Sai da na girma na san tsargiya ce, kuma daga ɗan dodon koɗin da ke manne da ciyawar ruwa take fitowa. Tsofaffinmu sun ce a da abin bai kai haka ba, domin in an gama tsinka ana rage ruwa, ƙananan tur'o'i da yawa su bushe har zuwa Yuli. Da aka gama madatsar Rusairis a 1966, ruwa ya wadata, aka cusa alkama da gyaɗa cikin juyin noma, tur'o'i suka daina hutawa. Masu tsari sun lissafa buhunan da za a ƙara, lissafinsu kuma ya fita. Sauro da dodon koɗi su ma suka samu ruwa rani da damina. A lokacin da zazzaɓi ya yi tsanani, a tsakiyar shekarun 1970, muka rasa ƙanwata a kan amalanken jaki, ba mu kai ga mai allura ba.

A 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara Shirin Lafiya na Shuɗin Nilu, na shekara goma, don yaƙar zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a yankunan noman ban-ruwa. A Madani ofishinsa yake. Da yake ina jin Larabci da Hausa, ina kuma iya rubutu, sai aka ɗauke ni cikin masu rakiyar ayarin da ke zagaya ƙauyuka. Aikina shi ne in yi tafinta, in riƙe littafi, wani lokaci in shiga tur'a da dogayen takalman roba ina kwaso dodon koɗi da rariya mai dogon hannu.

A can na fara ganin taswirar yankinmu. Shimfiɗe take a kan teburi, an zana kowace tur'a da sunanta, kowace nimra da lambarta, kowane ƙauye da tawada. Na bi tur'armu da yatsa har inda ta karkata, wurin da aka haife ni, inda mutane da yawa ke kwana suna tashi tun kafin a haifi wanda ya zana taswirar. Babu komai a wurin. Likitan da ke jagorantar ayarinmu ya ga na yi shiru, ya tambaye ni, na gaya masa. Sai ya miƙo mini fensir ya ce, “To, ɗana, nuna mana inda kuke. Sauro ba ya tambayar jinsiyya.” Na ɗiga. Daga ranar, duk kambon da muka tarar a hanya sai mu ɗiga shi da fensir, kuma ba su da kaɗan. Gwajin da aka yi ya nuna abin da mu muka daɗe da sani a jikinmu: tsargiya ta fi kama mutanen kanabi a kan mutanen ƙauyukan rajista, masu yashe tur'a kuma sun fi kowa ɗauka.

Ranar da motar shirin ta shigo kambonmu, mata sun fara ɓoye yara, domin motar hukuma ba ta saba zuwa da alheri ba. Na sauko na yi musu Hausa. “Inna, ku fito da su, magani ne.” Aka jera kowa, aka ɗora shi a sikeli, aka ba shi ƙwayar tsargiya gwargwadon nauyinsa, ya haɗiye a gaban ma'aikaci. Aka fesa maganin sauro a bango da jinka. Aka rubuta wa kowane gida lamba, inda babu ƙyaure a rubuta a jikin gwangwani a rataye. Baba ya daɗe yana duban lambar gidanmu, sannan ya ce mini, “Kai yaro, yau dai an ƙidaya mu.” Cikin 'yan shekaru fitsarin jini ya yi wuya a tsakanin yara, zazzaɓi ya ja baya sosai. Da wa'adin shirin ya cika wajen 1990, kuɗin waje ya tsaya, motoci suka daina zuwa, ba a daɗe ba zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa. Duk da haka shekarun nan sun tabbatar mini da abu guda: isa kambo ba shi da wuya. Hanya tana nan, mota tana shiga, mutane suna fitowa. Ɗigon fensir ɗin ne ba a taɓa maye shi da tawada ba.

A shekarun 1990 muka yi karo-karo don haƙa rijiya da ɗora tanki. Kuɗi ya taru, ba mu nemi ko ƙirshi daga hannun kowa ba, izini kawai muke so. Na raka dattawanmu wani ofishi. Ma'aikacin ya karɓe mu da mutunci, har da shayi, ya ce ba a haƙa rijiya sai a ƙauyen da ke cikin rajista. Muka ce to a sa mu a rajista. Ya ce wannan na wani ofishi ne. Can kuma aka ce ba a yi wa wuri rajista sai an yanka shi filin zama, namu kuwa ƙasar noma ce, kuma tana da masu ita. Gaskiya suka faɗa. Tun zamanin Turawa gwamnati haya ta karɓi babban ɓangaren ƙasar Jazira daga masu ita na asali, ƙirshi 10 kowane fadan a shekara, na tsawon shekara 40, kuma bayan wa'adin ya cika jikokinsu sun daɗe suna bin haƙƙinsu ba a warware ba. Mutumin da ba a biya shi tasa ba, in ya ji za a yanka wa kambo fili, gani yake daga jikinsa za a yanka. Haka aka bar talaka biyu suna hararar juna a kan abin da sa hannu ɗaya daga sama zai iya rabawa. Kawu, wanda shi ne babbanmu a tafiyar, da muka fito ya ce, “Ku mayar wa kowa kuɗinsa, kada a ce mun ci.” Muka mayar.

Sannan aikin kansa ya fara tsufa. Laka da ciyawa suka cika tur'o'i, gonakin da ke ƙarshen layi suka riƙa ƙishirwa ruwa na gudana a kusa da su. Dokar 2005 ta ba manomi damar shuka abin da ya ga dama, ta miƙa ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin manoma da ba su da injin yasa. A 2009 aka sallami akasarin ma'aikatan aikin. Na ga an tumɓuke dogon ƙaramin jirgin auduga ana loda shi a manyan motoci, na ga gidajen mufattishai sun zama kango. 'Ya'yan masu hawasha da suka yi karatu sun tafi Khartum da Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha, noma ya dawo hannun mutanen kambo ta hanyar sharaka: kai ka yi wahalar tun daga shuka har girbi, a raba amfani da mai suna a littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matasan kanabi da suka yi boko sun kafa ƙungiya, sun ƙidaya kanabi sama da 2,000 a faɗin aikin, suna neman filin zama da takarda, da ruwa, da makaranta.

A 2013 na je gaida Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aure ya kai kudu da Rusairis. A ranar 1 ga Janairun shekarar Shugaba Umar al-Bashir ya buɗe ƙarin tsawon mita 10 da aka yi wa madatsar, wanda ya ninka ruwan da take riƙewa fiye da sau biyu. Tafki ya haɗiye ƙauyukan gaɓa, har da nasu, aka kwashe iyalai sama da 20,000 zuwa sabbin garuruwa 12 da ake kira da lamba, Madina Ɗaya, Madina Biyu, har sha biyu. Da na sauka daga mota sai na ji sha'awa ta kama ni. Ga gidaje a jere, ga makaranta, ga ɗakin shan magani, ga tanki, ga turakun lantarki, ga takarda da sunan mai gida. Duk abin da muka yi shekaru muna roƙo a kambo, ga shi an yi wa Bahaushe a tashi ɗaya.

Na ce, “Gwaggo, ai kun huta.”

Ta ce, “Ɗan nan, bango ake ci? Ina jarafinmu?”

Jarafi take nufi, ƙasar bakin kogi da ambaliya ke bari da danshi, inda suke shuka masara da kuɓewa da albasa da tumatir da rani ba tare da ban-ruwa ba, ga mangwaro da lemo da kakanni suka dasa. Duk suna ƙarƙashin tafki. Gonar da aka nuna wa mijinta a madadin tasa tana da nisa, ta damina ce kawai, kuma da ya je ya tarar wani yana cewa ta kakansa ce. An tara mutanen ƙauyuka daban-daban da ƙabilu daban-daban a gari guda, kowa da shehunsa, ba a zauna an fayyace wa ke da iko da wace ƙasa ba. Injiniyoyi sun auna inda ruwa zai tsaya, bai kuwa ƙetare ba. Inda gatarin kowa zai sauka da damina, shi ne aka bari sai Allah ya kai mu.

A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan an ƙi amincewa da buƙatar Hausawa ta samun sarautarsu ta gargajiya, wadda a can ita ce ke ba mutum murya a kan ƙasa. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, a cikin garuruwan nan masu lamba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya sama da mutum 300 da aka kashe, da kusan 100,000 da suka bar gidajensu. Ba na cewa madatsa ce ta kashe su. Akwai siyasa, akwai masu hura wuta, akwai bindigogin da tsohon yaƙi ya bari a hannun mutane, kuma an zubar da jini ta kowane ɓangare. Amma maganar ƙasar da aka tsallake a 2013 tana cikin abin da ya ci wutar. Gwaggo da jikokinta sun iso kambonmu a bayan babbar mota da kayan jikinsu kawai, ta bar gida mai takarda ta shiga bukkar da ba ta da ita.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoba 2020 ta ambaci kanabi, ta yi alkawarin duba matsuguninsu da hidimarsu. Ba mu ga komai a ƙasa ba har yaƙi ya tashi a Afrilun 2023. A Disambar shekarar Dakarun Ɗaukin Gaggawa suka kama Madani, aka wawashe ƙauyuka da kanabi ba a bar kowa ba, ni da iyalina muka fita gabas. Da sojoji suka dawo a Janairun 2025, sai aka riƙa nuna mutanen kanabi da yatsa wai sun goyi bayan abokan gaba. A Kambo Tayba an kashe mutane an ƙone gidaje. Wanda ba ya cikin littafi, ɗora masa laifi ba ya wuya, kuma in an kore shi ba shi da takardar da zai ɗaga ya ce nan ne gidana.

Yanzu ana ta maganar sake gina aikin Jazira, ana lissafin tur'o'in da za a yashe da ƙofofin ruwan da za a gyara. Yayana ya koma kambo tun kafin damina. Da muka yi waya ya ce su da mutanen ƙauyen maƙwabta ne suka yashe abu ishirin da shebur, domin kowa na son ya ci dawa. Ya ce kwamitin matasa yana bi gida-gida yana rubuta sunaye, da shekarar da kakan kowa ya sauka a wurin, za su kai Madani tare da buƙatu uku: fili mai takarda, rijiya, da aji ko da biyu ne.

Na ce, “Yaya, a sa sunana a gidan Baba.”

Ya ce, “Tun jiya na sa, har da na 'ya'yanka. Ka turo naka kuɗin mota na masu kai takarda.”